Abin da Ke Kai Sualah Coci

Sualah ɗan Nima ne a Accra, shekararsa arba'in da ɗaya, yana sayar da kayan gyaran mota a wani shago a unguwar Ras Al Khor ta Dubai. Ka ce masa fitilar baya ta hagu, kafin ka gama faɗin shekarar motar ya ɗora maka ita a kan kanta. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: giya.

Da ya zo Dubai a 2009, lissafinsa shi ne ƙasar Larabawa za ta raba shi da ita. Sati biyu bai cika ba ya san direban da ke kawo ta daga Ajman a cikin robar ruwa. Shekara huɗu yana sha a ɓoye, yana tauna kanumfari, har ranar da ya ba kwastoma birkin da ba na motarsa ba. Mai shago ya sunsuna shi, ya ce in an sake, kalas, shi ke nan, biza ta tafi.

Wani makanike Ba'indiye ɗan Kerala ne ya ce masa akwai taron masu neman daina sha, suna zama suna ƙarfafa juna, kuma abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake mutuwa. Neman taron kuwa ya kusa mayar da shi kan kwalba. A masallaci ba ya iya tambaya. Asibiti yana tsoron a rubuta sunansa. Taron farko da ya samu a Jumeirah yake, ƙarfe goma na safen Talata, kamar mashaya ba su da iyayen gida. Na biyu ya hau bas uku ya je, ya zauna awa guda ana kuka da yaren Malayalam da ba ya ji, yana gyaɗa kai. Na uku ne ya dace: Turanci, ranar Juma'a ƙarfe uku, ranar hutunsa. Sai dai a wani ɗan ɗaki yake a harabar coci.

A Dubai kuwa Juma'a ita ce Lahadin Kirista. Sualah zai fito daga masallaci, ya cusa hularsa a aljihu, ya ratsa rabin mutanen Ghana sanye da fararen kaya. Sati takwas ya yi bai sha ba. A na tara wata Ba'ashantiya mai gyaran gashi ta gan shi, ta rungume shi don murna, ta kai labari unguwarsu Al Nahda, wai ya zama Kirista, kafin bas ɗinsa ya isa.

Yayarsa Memuna ta bugo daga Nima tana kuka, wai me Musulunci ya yi masa. Abokan ɗakinsa suka daina ba shi limanci. Juma'ar da ta biyo, Baba Ɗalhatu, dattijon 'yan Zangon Ghana a unguwar, ya kira shi cin tuwo bayan masallaci. Mutum goma sha biyu a falo, babu mai kallon kwano.

"Sualah, ɗana, nawa suka ba ka?" in ji Baba.

"Baba, shayi suke ba ni. Ko madara babu."

"To me kake nema a wurinsu? In mata ce, ka faɗa, mu ma muna da su."

Sualah ya dubi agogo: biyu da kwata. In ya ce kuskure ne, ba zai sake zuwa ba, za a sa albarka a ci tuwo, sunansa ya wanku. Ya kuma san inda zai ƙare ranar Alhamis mai zuwa, da lambar direban Ajman da har yanzu ya haddace.

"Baba, ni mashayi ne. Shekara goma sha biyar. Taron masu dainawa nake zuwa, ɗaki kawai cocin ta ba mu aro."

Baba Ɗalhatu ya sauke numfashi mai tsawo.

"Giya ce kawai? Alhamdulillahi." Sai ya tuna ko shi wane ne, ya ɗaure fuska. "A'uzubillahi. Mutumin banza. Shekara goma sha biyar, kana jan mu salla?"

"Na daina, Baba. Kwana sittin da uku."

"To ba za su yi taron a masallaci ba?"

"Ka ba mu ɗaki."

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauki waya ya kira Memuna a gaban kowa, ya ɗaga murya yadda tsofaffi ke yi in kiran na ƙasar waje ne: "Hajiya, ki share hawayenki. Ƙaninki bai bar addini ba, ɗan giya ne." Daga nan ya kira limamin Nima, ya kira wani a Kumasi da Sualah bai taɓa jin sunansa ba.

Sualah yana zaune yana ji ana wanke shi da abin da ya yi shekara goma sha biyar yana ɓoyewa. Taron da aka ce masa na sirri ne, yanzu har a Kumasi an san ƙarfe nawa ake farawa. Ya wanke hannu, ya miƙe.

"Ina za ka, ba ka ci nama ba?" in ji Baba.

"Coci, Baba. Na makara."

"Yalla, tafi. In ka dawo ka biyo ta nan in sunsuna bakinka."