Filastar da na manna wa Baba

Shekarun baya, mahaifina ya zame a banɗaki, ƙashin kwatangwalonsa ya karye, aka yi masa tiyata. Da aka sallamo shi muka dawo gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, da umarnin a riƙa canza masa filasta duk bayan kwana biyu.

Maƙwabcinmu nas ne, mutumin Filato, ya daɗe yana haya a layinmu. Shi ya ɗauki wannan aiki, kan ka ce me Baba ya fara kiransa "ɗana". Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labarin sanyin hannunsa. Ni da nake ɗaga Baba, in yi masa wanka, in zubar da fo, ko sau ɗaya ban ji an ambace ni ba. Kishi na ji, kishi na gaske, ƙato da ni da gemu.

Ni kuwa sana'ata ɗaure saƙonni ce a tasha a Unguwa Uku. Kwalin da na naɗe da salatif, har Legas zai je bai ɓalle ba. Don haka in na ga nas ya ɗora filasta sakwa-sakwa ya ɗan shafa ta, sai in taɓe baki, in ce a raina wannan ai aikin ragwanci ne.

Rannan nas ya tafi biki Jos, na samu abin da nake nema. Na wanke hannu, na fizge tsohuwar filastar lokaci guda, na ja sabuwar har ta miƙe tamau, na manna. Baba ya runtse ido, sannan ya ce Allah ya yi albarka. Wuni na yi ina jin kaina.

Bayan kwana biyu nas ya dawo ya ɗaga filastar a hankali. Duk gefen da na ja ya yi bororo, ƙuraje jere cike da ruwa, biyu sun fashe dab da ɗinkin. Nas bai yi faɗa ba. Ya dai ce cinya tana kumbura bayan irin wannan aiki, fatar tsoho kuma ba ta da kauri, in an ja filasta sai ta riƙa jan fatar har ta saɓule. Ɗora ta ake yi ba tare da an miƙar ba, wajen cirewa kuma a danne fata da yatsa a bi sannu. Ya ce kada a fasa sauran, domin in cuta ta shiga ta kai ga ƙarfen da aka sa masa a ƙashi lokacin tiyata, sai an sake buɗe wurin.

Sai ya tambayi wanda ya yi. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Ni na sa shi ya ja, sai nake ji kamar za ta faɗi."

Muka kai shi wani asibiti a Tarauni aka wanke wurin, aka sauya masa filasta mai laushi. Sati biyu muna zullumi kafin fatar ta bushe, kuma Allah ya kiyaye ɗinkin. Ana nan wata rana ina yanke masa farce, na tambaye shi ko bai ji zafi ba a kwana biyun nan.

"Kamar wuta," in ji shi. "Amma na ga yadda kake murna, shi ya sa na yi shiru."

Yanzu Baba yana takawa masallaci da sandarsa, kuma har gobe yana kiran maƙwabcinmu ɗansa. Ba zan yi ƙarya ba, in na ji sai kishin nan ya ɗan motsa. Sai dai na daina gasa da kowa, tun da na san wanda tsohon nan ya shanye wa zafi kwana biyu, ya kuma ɗauki laifinsa ya ɗora wa kansa.