Tsaka-tsaki da Gandun Turare

Ma'aikatan gandun daji na yankinmu suna da ƙungiya, shugabanta kuwa ba mai kiransa da sunan yanka. Tsaka-tsaki suke ce masa, har a gaban idonsa, shi kuma ya ɗauki abin kirari. Na san shi ta dalilin 'yata, wadda ta yi aiki a ƙarƙashinsa har Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan rage masa abin da yake da shi ba. Ɗan kafinta ne, ya tashi cikin ƙurar katako, ya yi karatun gandun daji da kyau. A gidan renon itatuwa ya fara aiki, yana cika leda da ƙasa kamar kowa. Tsofaffin abokan aikinsa sun ce a lokacin yakan gane itace daga ƙamshin ɓawonsa. Amma tun da aka ba shi ofis mai fanka, takalmin dajinsa ya koma ƙarƙashin tebur, a goge fes. Ba ya taka laka sai ranar ɗaukar hoto.

Sana'arsa ta gaskiya ita ce raba gardama biyu. In masu katako suka ce a sare, ma'aikata suka ce a bari, sai ya ce a sare rabi, kowa ya tashi yana sa masa albarka. Da haka ya zama wanda gwamnatin yanki ke gayyata duk lokacin da za a taɓa dokar daji. 'Yata ta taɓa ce mini muna cin abinci: "Baba, da za a tambaye shi a yanke kan mutum ko a bari, cewa zai yi a tsaya a tsakiyar wuya."

Abin da ta sa a gaba a shekarunta na ƙarshe abu ɗaya ne: a hana sare itatuwan bakin rafi, a kuma hana dasa itacen turare a wurin. Turare yana saurin girma, masu sayar da turakun gini suna sonsa, amma yana shan ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Ta ga rafukan da suka ƙafe a bayansa da idonta. Ta bi ofisoshi, ta yi bayani a gaban kwamitin majalisar yanki, har ƙungiyar ta amince wannan ce matsayarta. Sai ciwo ya kwantar da ita, bai kuma daɗe ba.

Bayan rasuwarta Tsaka-tsaki ya kai maganar majalisa, ya dawo da doka. Dokar ta ce ba a sare itacen bakin rafi, sai in wanda ya sare zai dasa wani a madadinsa. Ba ta faɗi irin itacen da za a dasa ba.

Ya zo gidana wata ranar Asabar da hantsi, ya zauna a kujerar da 'yata ta saba zama. Mahaifiyarta ta kawo masa ruwa ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

"Baba, albishir na kawo," in ji shi. "Gandu na farko a ƙarƙashin sabuwar doka, sunan 'yarmu za mu sa masa. An riga an rubuta allo. Kwamishina da kansa zai zo. Kai za ka dasa itacen farko."

Na ce, "Wane itace?"

"Wanda ya dace da wurin."

"Shugaba, na koyar da ilmin kimiyya har na yi ritaya. In ɗalibi ya ba ni amsa irin wannan, na san bai yi karatu ba ne, ko kuwa ya yi yana ɓoyewa. Wane itace?"

Ya juya kofin a hannunsa. "Turare ne. Amma na ɗan lokaci."

"A ina?"

Ya faɗi wurin. Rafin da ta fi yawan magana a kansa ne, mai manyan itatuwan maɗaci.

Mahaifiyarta ta ce daga bakin ƙofa, "Ka gama shan ruwan? Ina son kofina."

Ya yi dariya kamar wasa aka yi masa. "Mama, ai siyasa sai da haƙuri. Da ba don ni ba, ko wannan ba a samu. Marigayiya tana da zafin ƙuruciya, Allah ya ji ƙanta. Da tana nan da ta fahimta."

Ban ɗaga murya ba. Na ce masa matacce ba ya gardama, shi ya sa kowa ke iya sa masa magana a baki. Na ce a cire sunanta daga allon.

Bai cire ba. Ya aiko mini da katin gayyata mai ruwan zinare, sunanta a sama da manyan baƙaƙe. Sai na je ofishinsa. Akwai taswirar yanki a bango, da hotunansa yana gaisawa da kwamishinoni daban-daban, hannun nan dai ɗaya. A kan taga akwai wata shuka a tukunya da ta bushe ba wanda ya kula.

"Baba, mu sami matsaya," ya ce. "Mu cire sunan mahaifi, mu bar nata kawai. Ko mu sa harafin farko. Ka ga kai ka samu, mu ma mun samu."

"Ba gona muke rabo ba. Suna ne."

"An riga an sanar a rediyo. In na janye, me zan ce wa kwamishina?"

"Kada ka janye. Zan zo."

Fuskarsa ta washe.

Na ce, "Zan karɓi itacen. In aka miƙo mini abin magana, zan gaya wa kwamishina da 'yan jarida abin da ta faɗa a kan turare a bakin rafi, kamar yadda ta faɗa wa kwamiti, kana zaune kusa da ita kana gyaɗa kai. Ba zan zagi kowa ba. Zan kuma tambayi wanda ya cire sunan itacen daga dokar."

Ya dubi fanka. "Baba, wannan ai tozarci ne."

"Kai ka gayyace ni."

Ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Na san da wa zai yi ta: da kujerarsa, domin zaɓen ƙungiya ya kusa, matasan ma'aikata kuma ba su manta da ita ba.

An yi bikin a ranar da aka sa, ba a sake aiko mini da kati ba. Daga baya na ɗauki mota na je wurin ni kaɗai. An sare maɗatan, kututturansu suna nan jajaye, an jera ƙananan turare a tsakaninsu. A bakin hanya ga allon. An shafe layin sama da farin fenti, an rubuta sunan ƙungiya a kai. Na matsa kusa na duba ko ana iya karanta abin da ke ƙasa. Ba a iyawa. Na kira mahaifiyarta na gaya mata, ta ce to, in dawo a hankali.