Ranar da Asama'u ta Saki Gizo-gizon 'Yarta

Duk wanda ya zauna Agege lokacin da goro ke da daraja ya san Asama'u matar Baballe. Jirgin ƙasa ne ya kawo ta daga Kano tana amarya, da akwatin ƙarfe da tsintsiyar da kakarta ta ɗaure mata. A lokacin ƙanshin ɗanyen goro unguwar nan take yi, ba hayaƙin motocin danfo ba. Baballe yana da sito a bakin layin dogo, huhu kan huhu har rufi.

Asama'u mace ce mai tsabtar tsiya. Yanar gizo ba ta kwana a gidanta. Amma gizo-gizon da ya saƙa ta, ko da wasa ba ta kashe shi. Ta ce halittar da ta rufe wa Manzon Allah bakin kogo, wane ƙato ne zai take ta? Sai ta kama shi da ganyen goro, ta taka har bayan sito ta sake shi. Mata su yi ta dariya, ta ce su yi, haƙoransu ne.

Autarta Radiyya, tana 'yar firamare, ta tsinci mataccen gizo-gizo ta ce, "Inna, me ya sa in ya mutu yake naɗe ƙafafu?"

"Ki tashe shi ki tambaye shi."

Yarinya ta riƙe tambayar nan har jami'a. Can ta dawo wa uwarta da amsa: wai ruwan jikinsa yake turawa cikin ƙafa ta miƙe, kamar mesa in an buɗe famfo, in ya mutu ruwan ya tsaya, sai ƙafafun su naɗe. Ita kuma aikinta ta ɗauke su da kyamara suna gudu, ta auna yadda tafiyar kowane ke sauyawa yayin da yake girma.

"'Ya'yan mutane suna karatun likita, tawa tana bin Gizo yawo," in ji Asama'u. Amma da baƙi sun zo, ita ke fara ba da labarin.

Da malamai suka shiga yajin aiki aka kulle ɗakin bincike, Radiyya ta kwaso gizo-gizon bincikenta gida, kowane a robarsa, da ɗigon fenti a bayansa. Ta tafi Ibadan ganin malaminta ana gab da Babbar Sallah. Asama'u ta shiga ɗakin 'yarta da tsintsiya, ta ga bayin Allah a kulle, a ganinta ba ci ba sha. Ta tuna wa'azin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu. Alhaki a gidanta, a watan Sallah? Ta kwashe su. Filin bayan sito kuwa masu gyaran baburan okada sun mamaye shi, don haka ta zazzage su ta fasasshiyar tagar siton.

Radiyya ta dawo ta tarar da robobi a wanke, an jera su tsaf.

"Inna, ina suke?"

"Na yi miki sadaka da su. Ki gode mini."

Ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a ƙasa. "Inna, tun suna ƙanana nake bin waɗannan ɗin. In babu su, daga farko zan soma, kuma wa'adin digirina ya kusa."

Asama'u ta san inda suke. Cikin sito ta zuba su. Sai dai tun da aka fita da gawar Baballe ba ta ƙara taka siton nan ba; ko hanyar ba ta bi sai ranar da ta je tagar, ranar ma kanta a sunkuye. Ta daɗe tsaye. Sannan ta jawo akwatin ƙarfenta, ta tono makulli.

"Tashi, 'yar nan. Ɗauko robobinki."

Ƙofa ta buɗe da ƙyar. Ƙanshin goron yana nan, ya tsufa amma yana nan. Hular Baballe a jikin ƙusa, buzunsa a naɗe. Yanar gizo kuwa ta ko'ina, har hannun Asama'u ya fara ƙaiƙayin tsintsiya. Radiyya ta kunna fitilar waya suka bi kwanduna.

"Ga mai jan ɗigo can! Ke, kauce, tsorata shi za ki yi." Asama'u ta sa busasshen ganye ta kamo shi.

Ba duka aka samu ba, amma Radiyya ta ce waɗannan za su ishe ta. Asama'u ta ce da sharaɗi: a gabanta za a riƙa ciyar da su.

Yanzu siton a buɗe yake, can aka jera robobin. Da hantsi za ka gan ta a bakin ƙofa kan buzun Baballe, tana cin goro tana farautar ƙuda. Tsintsiyar kuwa a waje take jingine. Wadda duk ta shiga da ita, za ta ji abin da bakin Asama'u ya iya.