Gordon Mai Gadin Darajar Gida

Gordon Pflueger bai taɓa haihuwa ba, amma duk unguwarsu babu wanda ya kai shi damuwa da jarrabawar yara. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a wajen garin Columbus, da ya yi ritaya sai ya koma gadin darajar gidansa. Gidan yana gundumar makarantun gabas, inda yara ke cin jarrabawa. Tsallaken titi kuwa gundumar yamma ce: gini iri ɗaya, amma farashi ya gaza da dala dubu tamanin, don a ƙasarsu makin makaranta ne ke ɗaga kuɗin gida.

Ranar da sakamako ya fito, Gordon zai maƙala tabarau ya bi jarida layi-layi. In makin lissafi ya sauka, ko kofi ba ya yi masa daɗi. In ya ga 'ya'yan maƙwabta suna ƙwallo, sai ya leƙo ta taga: "Ku wuce ku yi karatu! So kuke ku karya mini darajar gida?"

Matarsa Marlene takan ce, "Wai Gordon, sayarwa za ka yi ne?"

"Allah ya sawwaƙe! Daga nan za a ɗauki gawata."

"To, gawar ce za ta ci ribar?"

Kwatsam hukumar makarantu ta sake shata iyaka, layinsu ya faɗa yamma. Gordon ya sa kwat ya je taro, ya yi jawabi mai ratsa zuciya kan makomar yara, har wata mata ta share hawaye ta tambaye shi aji nawa nasa suke. Ya nemi kujera ya zauna.

Maƙwabta suka fara kafa allon sayarwa. Shi kuwa, bayan mako uku yana cika yana batsewa, ya tafi makarantar yamma ya ce zai riƙa taya yara karatu kyauta. Ba don Allah ya je ba, maki ya je ɗagawa. Shekara huɗu yana zama kan 'yar kujerar da ba ta ɗaukarsa, ya haddace sunan kowa, makin kuwa ko gezau.

Ana haka wani kamfani ya buɗe ma'aikata kusa da su, baƙi suka yi ca, farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo. Marlene ta nuna masa labarin a jarida. Gordon ya ture ta gefe, ya ce, "Ma'aikatar me? Koyarwata ce." Ya ɗauki hularsa, don Talata ce, kuma 'yan aji biyu suna jiransa.