Takardun Yaya Alhassan da Muka Raba

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Alhassan, malamin kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare ta lise a Tahoua, kuma har yau akwai abin da ban yafe wa kaina ba.

Daga karatu a Faransa ya dawo da akwati cike da dogayen takardu, kowace da zane mai hawa da sauka. Na tsokane shi cewa tonon kaza ya fi wannan tsari. Sai ya aro gurmin maƙwabcinmu ya kaɗa, ya sassauta tsirkiya, ya sake kaɗawa. Ya ce iskar nan mai kisa da gawayi ke fitarwa, idan ta manne wa curin ƙwayoyin ƙarfe, ɗaurin cikinta yakan saki kamar tsirkiyar nan. Shi kuma ya haska mata hasken da ido ba ya gani, na'ura ta zana yadda take karkarwa, daga nan ya gane irin riƙon da ƙarfen ya yi mata. Amma sai an jera zanukan duka, bi da bi, suke da ma'ana.

A lokacin siyasa ta dawo, makarantu kullum cikin yajin aiki. Yana jiran ƙasa ta daidaita ya rubuta littafin digirinsa, ciwon hanta ya kwantar da shi.

Bai yi aure ba, iyayenmu sun rasu, gado ya faɗo kanmu mu uku a Affala, ni da 'yan'uwana maza, Mamman da Sani. Babban yayanmu Mamman ya ce, "Akwatin ga a bar ma abokan aikinai. Ke mi za ki yi da takardu?" Wannan "ke" ɗin ta ƙona mini rai. Na ce ko allura ce sai an ba ni kasona. Liman ya kasa su biyar, maza biyu-biyu, ni ɗaya.

Bayan damina wasiƙar malaminsa na Faransa ta iso, yana roƙon a aika zanukan gaba ɗaya, a kammala aikin da sunan Alhassan. Na Mamman gara ta cinye. Na Sani an naɗe ƙuli-ƙuli da su.

Yau ɗalibai na kallon irin zanukan nan a waya. Na san da Alhassan na raye, da ya yi murna, ya kuma yi faɗa idan ba su san mece ce ke karkarwa ba. Abin da zai ce da ni ne nake tsoro.

Kasona yana nan cikin leda, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Na kai wa malamai uku, kowa ya duba ya tambaye ni ina sauran.