Cleophus a Bakin Shinge

Yayana Cleophus Tatum mai facin taya ne a bakin hanyar da ta nufi Greenwood. Amma idan ka tambaye shi sana'arsa, sai ya fara ba ka labarin shekarun da ya yi yana tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu ana ture juna, ta Kwalejin Pine Hollow. Facin kuwa sai can ƙarshe yake ambatonsa, shi ma da ƙyar. Gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, yatsunsa biyu sun karkace, wuyansa ba ya juyawa sai da kafaɗun gaba ɗaya. Duk wannan a wurinsa abin alfahari ne. Ni ce ƙanwarsa, ni nake kai shi asibiti, don haka ban ga abin alfahari a ciki ba.

Da watan Agusta ya kama, garinmu ba a wata magana sai ta ƙungiya. Rana na dukan mutum, yaran suna atisaye safe da yamma cikin kwalkwali da sulke, kowa kuma ya zama masani: a shagon aski, a ƙofar coci, har a shirin rediyon garin da ake buga waya ranar Alhamis. Bana tambayar ɗaya ce tak: 'yan baya za su iya tare wani? Don bara abin kunya ne. Duk ƙungiyar da ta zo sai ta ratsa su ta wuce, har da ƙananan da ake gayyatowa musamman don mu lallasa su mu ji daɗi. An sallami kocin 'yan baya, an kawo wani matashi, Koci Whitfield, mai magana a hankali, ba ya zagi, ba ya jifa da hula. Tun daga nan Cleophus ya raina shi.

Shi ne na farko a layin waya duk Alhamis. Ina cikin kicin sai in ji muryarsa ta cika rediyo.

"Ku ji ni da kyau," in ji shi. "Ba ƙarfi yaran nan suka rasa ba, zuciya suka rasa. Rungumar mutum suke yi kamar an dawo daga tafiya! A zamaninmu idan na buge ka, sai an tambaye ka sunan uwarka ka yi shiru kana tunani."

Mai shirin ya yi dariya, gari ya yi dariya. Ni kuwa sai in kashe rediyon, don na san akwai wanda yake saurare ba dariya yake yi ba.

Dontrell ke nan, ɗansa ɗaya tilo. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ni na yi rabin rainonsa. Shekararsa ta ƙarshe ce a kwaleji, kuma duk shekarun baya a benci ya ƙare su, ba a saka shi sai lokacin bugun buɗe wasa, ya ruga sau ɗaya ya dawo ya zauna. Bana wanda ke gabansa ya tattara ya koma wata babbar jami'a, gurbin tsakiyar 'yan baya ya zama babu kowa. Su biyu ke nema: Dontrell da wani sabon yaro daga Texas. Idan Dontrell bai samu bana ba, shi ke nan, ba zai taɓa samu ba har abada. Yaron nan bai je ko'ina hutu ba, ya bar soyayyen kifina da ya fi so, ya yini ɗaga ƙarfe. Abin da yake so a duniya shi ne a kira sunansa a lasifika cikin 'yan farko da ake fara wasa da su, ubansa yana zaune yana ji.

Matsalar ita ce abin da uban ya koya masa. Tun yaron bai iya ɗaure takalmi ba Cleophus yake jera tsofaffin tayoyi a bayan shago yana cewa, "Sunkuyar da kai! Kwalkwali a ƙirjinsa!" Haka aka koya musu a da. Yanzu doka ta canza: ka kai wa mutum karo da kai, alƙali ya kore ka daga wasa, kuma da gaskiyarsu, mun ga abin da karon ya yi wa tsofaffinmu. Koci Whitfield ya shafe watanni yana warware yaron: kai sama, kafaɗa gaba, ka kama cinyoyi ka kayar. Dontrell ya koya, wallahi ya koya.

To akwai al'ada a Pine Hollow tun kafin a haife ni. Duk wanda ya taɓa sa rigar ƙungiyar, yana da damar tsayawa a bakin shingen filin atisaye ya yi kallo. Tsofaffin 'yan wasa sukan zo da kujerunsu na ninkewa da shayi mai ƙanƙara, su zauna a inuwa suna gulma a hankali. Cleophus ba ya zama. Kullum da yamma sai ya rufe shago, ko da mota a kan jak, ya je ya saƙala karkatattun yatsun nan a waya ya fara ihu.

Na same shi a shago na ce, "Yaya, don girman Allah ka bar yaron nan ya ji murya ɗaya. Koci na ce masa dama, kai kana ce masa hagu."

"Ke Vernell, me kika sani a ƙwallo?"

"Na san wanda yake manta inda ya ajiye mota a asibiti."

"Wannan tsufa ne."

"Tsufa? Haba Yaya! Tsofaffin cocinmu da suka girme ka ma ba sa manta inda suka ajiye mota."

Ya juya mini baya ya kunna injin iska don kada ya ji sauran. Haka yake yi tun muna yara.

Asabar ta ƙarshe kafin a koma karatu ake wasan gwaji. Ƙungiya ta rabu biyu su kara da juna, daga nan koci ya fitar da 'yan farko. Rabin gari yana zuwa. A irin wannan wasa mai jefa ƙwallo yana sa jar riga a kan tasa, kuma ko jariri a garinmu ya san ma'anarta: ba a taɓa shi. Ka iso gare shi, ka dafa shi ka wuce, a busa usur. Namu ne, kuma shi kaɗai muke da shi mai hannu, wani yaro mai ladabi, Jarrett Boone.

Ranar Dontrell ya yi wasan rayuwarsa. Ya tare a dama, ya tare a hagu, kai sama, kafaɗa gaba, tsaf. Na ga Koci Whitfield yana gyaɗa kai. Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Vernell, ɗanku ya samu." Na ce mata ta yi shiru kada ta ja mana baki.

Ana dab da tashi sai layin gaba ya buɗe, hanya fetal tsakanin Dontrell da jar riga. Ya taho a guje. Ina ganinsa ya fara rage gudu, ya miƙa hannu zai dafa. Sai muryar nan ta tsaga filin daga bakin shinge.

"Kwantar da shi, ɗan Tatum! Kai a ƙirji!"

Yaron ya sunkuyar da kai.

Ƙarar har yau tana kunnena. Jarrett ya faɗi bai tashi ba, yana riƙe da kafaɗa yana shure-shure. Filin ya yi tsit. Na waiga bakin shinge, sai ga yayana, Allah ya yafe masa, ya ɗaga dunƙulen hannu sama yana murna. Sai da ya ga sauran tsofaffin sun zuba masa ido sannan ya sauke hannun a hankali.

Ƙashin kafaɗar Jarrett ya karye, likita ya ce sai ƙarshen Oktoba idan an yi sa'a. Aka ba ɗan Texas gurbin. Dontrell ba a kore shi ba, don Koci Whitfield ya roƙa masa, amma an mai da shi benci inda ya fito. Aka kuma lulluɓe shingen da koren tamfol daga wannan kusurwa zuwa waccan, aka ce daga yau babu mai kallon atisaye. Tsofaffin da suka yi shekaru suna zama a inuwar nan suka daina kai wa Cleophus faci. A rediyo ma an bar zancen 'yan baya, an koma tambayar wa zai jefa ƙwallo, tunda mun karya namu da hannunmu. Kai, takaici bai yi ba!

Ranar Lahadi bayan coci suka haɗu a teburina. Na yi kaza da ganye da burodin masara, babu wanda ya taɓa. Cleophus ne ya fara, don ba ya iya shiru.

"Ai laifin masu tare wa Jarrett ne. Wa ya ce su buɗe hanya haka? Kuma wannan jar riga ma, a zamaninmu..."

"Baba," in ji Dontrell, bai ɗaga kai ba. "Na ga rigar. Na gan ta sarai. Har na miƙa hannu."

"To me ya..."

"Muryarka na ji. Tun ina yaro idan na ji ta, jikina ba ya jira na yi tunani." Sai ya ɗago. "Ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka shigo filin wasa bana."

"Ni? Ni kake cewa kada in shiga filin da na bar gwiwata a ciki?"

"Ɗan abin da ya rage mini nake so in buga, Baba. Ba zan iya ba kana ciki."

Cleophus ya dube ni, wai in tsawata wa yaro. Na ce, "Kada ka kalle ni, Yaya. Ci abincinka." Raina a ɓace yake da shi, amma da na ga yadda maganar ta shige shi, sai da na tashi na shiga kicin.

Ranar wasan farko, kamar kullum, mutane suka cika filin ajiye motoci tun safe, kowa da murhun gashinsa. Cleophus ya zo da nasa, ya gasa haƙarƙari ya raba wa duk wanda ya wuce, har da waɗanda ba sa gaishe shi. Da masu badujala suka fara, jama'a suka ɗunguma ciki, shi ya tsaya a jikin motarsa. Na ɗauka zai biyo ni daga baya. Bai biyo ba.

An ci mu, ba sai na faɗa ba. Da aka tashi na fito na same shi shi kaɗai yana kankare ƙarfen gashi.

"Ya shiga?" in ji shi.

"Ya shiga. A bugun buɗe wasa bayan hutun rabin lokaci."

"Ya kama wani?"

"Shi ya kayar da mai ƙwallon. Kai sama, da kafaɗa. Har an kira sunansa a lasifika."

Ya daina kankarewa. "Sun ce Tatum?"

"Sun ce Dontrell Tatum."

"Daga nan ba a jin lasifikar," in ji shi. "Ihu kawai ake ji. Wanda ya kayar ɗin, ya tashi?"

"Nan take ya tashi."

"To ai wannan ba duka ba ne," in ji Cleophus. Ya juya gaba ɗaya da kafaɗunsa ya ba ni baya, ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido. Garwashin kuwa ya daɗe da mutuwa.