Makin da Aka Saya da Idona

Mu huɗu ne a tsakar gida ran nan, bayan la'asar: ni, da jikata wadda na goya tun rasuwar uwarta, da jikana ɗan babban ɗana da ya zo hutu daga Abuja, sai wani abokin karatunsu na nan Ƙofar Sauri, shi ke jan masu labarin.

Wasan nasu na takardu ne da 'ya'yan lido. Wai wani birni ne na nan gaba, kamfanoni ke mulki, mutane na sayen hannun ƙarfe da idon na'ura kamar yadda ake sayen atamfa a Babbar Kasuwa. Kowa zai ƙera mutuminsa a takarda. Ban yi boko ba, amma ina gefe ina tsintar wake, kunnena na wurinsu.

Jikata ta ƙera wata tsohuwa mai gadin unguwa, mai jin motsin kowa. Mai jan labari ya duba takardar ya ce, "Wannan ta yi ƙarfi da yawa. Doka ce, duk baiwar da kika ƙara sai kin biya da aibi. Maki biyar ya rage miki ki biya."

"To tana da saurin fushi."

"Kowa shi yake ɗauka. Maki ɗaya."

Jikana ya ce, "Ki ce tana da rowar nama, kin ga kin zana Kaka sak." Na ce Allah ya shirye shi. Wasan jika da kaka ne, ban ji komai ba.

Sai jikata ta ce, "Idonta na hagu ya mutu, tana ɓoyewa. In ta zuba shayi gefen kofi, sai ta ce kofin ne ya karkace."

"Wannan ya ci biyar," in ji mai jan labari.

Jikana ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Da safiyar ranar a gabansa na zubar da shayi, na kuma zagi kofin. Ya miƙe kamar zai sha ruwa, ya zagayo ta haguna. Ban san yana tsaye ba sai da ya ce, "Kaka."

Wata bakwai ina ɓoye maganar idon nan nawa. Jikata kaɗai na gaya wa, don ita ke sa mini zare a allura. Ta kuma san dalili: babban ɗana ya daɗe yana neman hujjar da zai kwashe ni zuwa Abuja, a rufe gidan da aka kawo ni ina amarya.

Da suka watse ta zo ta durƙusa. "Wallahi Kaka wasa ne. Ban ambaci sunanki ba."

Na ce, "Tashi, kin tare mini haske."

Ba na zaton mugunta ta yi. Maki take nema, ta laluba, abin da ya fi kusa da hannunta ta ɗauka. Har yau shi ya fi ci mini rai.

Washegari da na idar da sallar asuba na sa jikana ya kira mini ubansa. Na karɓi wayar na gaya mashi da bakina. Na ce zan je a duba idon, nan Katsina, maƙwabciyata za ta raka ni. Ya fara maganar Abuja, na miƙa wa ɗansa wayar, na ɗauki mayafina.